Lambun Gidan Hutu: Wa Zai Ba Shi Ruwa Idan Mai Gida Ya Koma Birni?

Duk wanda ke bin hanyoyin karkarar ƙasar Hausa a 'yan shekarun nan, daga Kano zuwa Gwarzo, ko daga Katsina zuwa Daura, ko daga Zariya zuwa Funtuwa, ya san wani sabon abu da ya zama ruwan dare a garuruwanmu. Kusan kowane gari yana da gida ɗaya ko biyu da suka fita daban: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, rufin kwano mai launi, da tankin ruwa a saman ƙarafa. Idan ka tambaya, sai a ce maka gidan wane ne, ɗan garin nan da ke aiki a Abuja ko Legas ko Fatakwal. Yakan zo da iyalinsa da ƙaramar Sallah da babba, wani lokaci kuma ɗaurin aure ko ta'aziyya su kawo shi. In aka haɗa kwanakin da yake kwana a gidan duk shekara, da wuya su cika wata guda.

Ban ga laifin wanda ya gina irin wannan gida ba. Mutumin da Allah Ya buɗa wa, ya tuna da mahaifarsa, ya kafa wurin da 'ya'yansa za su sauka su san dangin ubansu, ya yi abin a yaba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne filin da ke tsakanin katanga da gini, wato harabar gidan, da irin abin da muke shukawa a cikinta. Mai karatu na iya ɗaukar maganar ƙarama ce, maganar fure da ciyawa, alhali a ƙarƙashinta akwai ruwan shan gari guda, da itatuwan da suka girmi kakanninmu, da haƙƙin maƙwabci.

Tsarin da ake bi kusan ɗaya ne ko'ina, kamar daga takarda ɗaya aka kwafe shi. Da farko a kira mai gatari ya share fili: tsamiyar da aka tarar, da kanya, da gawo, duk su tafi, wai suna zubar da ganye. Sai a shimfiɗe mafi yawan harabar da bulon intalok. Abin da ya rage a jikin katanga a yi masa siririn fangali, a ɗaga shi sama da bulo, a cika shi da baƙar ƙasar da tifa ta kawo. A jera doguwar siririyar bishiyar nan 'yar asalin Indiya wadda masu sayar da furanni ke kira maskwaret, a sa wardi da wasu furannin da aka sayo a bakin titin Abuja ko Jos, gaban falo kuma a shimfiɗa ciyawar kafet. Ranar buɗe gida kowa sai ya ɗauki hoto. To, koma a watan Afrilu na shekara ta biyu ka gani: ciyawa ta yi ja, wardi ya koma tsinke, fangali ya tsattsage, gara ta hau abin da ya rage. Mai gida ya iso da Sallah, ransa ya ɓaci, ya yi wa maigadi faɗa, ya aika a sayo sababbin shuke-shuke. Haka ake ta maimaitawa duk shekara.

A ganina maigadi ba shi da laifi, masu sayar da furanni kuma ba su cuci kowa ba. Tun daga tsari aka kauce hanya. An tsara lambun ne domin kwana ashirin ko talatin da mai gida ke nan, alhali lambu kwana 365 yake rayuwa. Gini yana iya jiran mai shi a kulle, amma shuka ba ta san an rufe ƙofa ba. Saboda haka tambayar farko da ta kamata mai gidan hutu ya yi wa kansa, tun kafin ya sayi ko tukunyar fure ɗaya, ita ce: me zai rayu a nan cikin wata goma sha ɗaya da ba na nan, ranar da janareta ya lalace, injin burtsatse ya ƙone, maigadi ya tafi jinyar mahaifiyarsa? Shukar da ta tsallake wannan tambaya ita ta cancanci wuri a gidan.

Akwai kuma abin da mukan manta. Sallah ba ta da zaunannen lokaci a shekarar rana. Kowace shekara tana matsowa da kimanin kwana 11, har ta zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah a Maris ko Afrilu take faɗowa, lokacin da ƙasa ta gama bushewa. Wanda ya tsara lambun da ba ya kyau sai an yi ruwan sama, ya tsara abin da idonsa zai daɗe bai gani ba.

Bari mu yi lissafi, domin lissafi ba ya son kai. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. A bazarar ƙasar Kano ko Katsina, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rana da iska suna iya ɗauke milimita 6 ko fiye daga shimfiɗaɗɗiyar ciyawa a yini guda. Idan ciyawar gaban gida ta kai murabba'in mita 200, wato mita 20 a tsawo da 10 a faɗi, tana bukatar lita 1,200 kowace rana kafin ta zauna kore. Jarka 48 ke nan irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya zai sha, ya dafa abinci, ya ɗan yi tsafta. Ashe ciyawar da babu mai taka ta tana shanye rabon mutum 60 a kullum, a garin da mata da yara ke yin sammako zuwa bakin rijiya.

Wani zai ce ai burtsatsensa ce, da kuɗinsa ya haƙa. Gaskiya ne da kuɗinsa ya haƙa ramin, amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar fuloti ba. Yawancin ƙasar Kano da Zazzau da Katsina a kan tsohon dutse mai tauri suke zaune, wanda ba ya riƙe ruwa sai a samansa da ya rududduge da kuma cikin tsage-tsagensa. Taska ce ƙarama, damina kaɗai ke cika ta. Inda burtsatse da rijiyoyin unguwa ke sha daga wuri ɗaya, wanda ya fi zurfi da ƙarfin inji shi ke rinjaye, sai rijiyar maƙwabci ta soma ja da baya tun kafin lokacin da ta saba. Idan kuma damina ta sauka, harabar da aka rufe da bulo da siminti ba ta barin ruwa ya nitse yadda ya kamata. Sai ya taru ya fita ta magudanar katanga da ƙarfi, ya bugi gindin ginin ƙasa na maƙwabta. Gida ɗaya ya ɗebe wa mutane ruwa da rani, ya kuma tura musu ambaliya da damina. Ko ba a je gaban alƙali ba, wannan haƙƙi ne.

Ina muka samo wannan tsari? Shimfiɗa ciyawa a gaban gida al'ada ce ta masu manyan filaye a Ingila da Faransa. A ƙarni na 18 attajiran Ingila suka mayar da ita alamar arziki, domin wanda ke da filin da ba sai ya noma shi ba, shi ne mai hali. A 1830 wani injiniya mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa, daga nan masu matsakaicin ƙarfi ma suka soma kwaikwayo. Turawan mulkin mallaka suka kawo ta unguwanninsu irin su Nasarawa a Kano, mu kuma muka gaje ta tare da gidajen. Abin mamaki, ruwan da ke sauka a Landan a shekara bai wuce milimita 600 da 'yan kai ba, Kano kuwa a shekara mai kyau takan samu 800 ko fiye. Sai dai na Landan yayyafi ne da ke rarrabe cikin wata goma sha biyu a ƙarƙashin rana mai taushi, namu kuwa cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, daga nan sai a yi kusan wata bakwai babu ko ɗigo. Rigar da aka ɗinka wa wani jiki muka aro, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Su kansu masu rigar sun soma tuɓe ta. A yankin Esiks, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Ingila, wata shahararriyar mai lambu, Beth Chatto, ta ɗauki tsohon filin ajiye motoci a farkon shekarun 1990 ta mayar da shi lambun tsakuwa, ta cika shi da tsire-tsire masu jure fari, ta kuma yanke cewa ba za a riƙa ba su ruwa ba. Har yau mutane na zuwa kallonsa. Ƙa'idarta ita ce a fara duba wuri, sannan a nemo shukar da ta dace da shi. A Amurka kuma, jihar Nebada ta yi doka a 2021 wadda ta tilasta a cire ciyawar ado da ba a amfani da ita a bakin tituna da harabar ofisoshi a yankin Las Begas, saboda kogin Kolorado da suke sha yana ta ja da baya.

Gidan hutu ba sabon abu ba ne, waɗanda suka fi mu dukiya sun gina shi tun da daɗewa. Sarakunan Banu Nasar na Garnaɗa a Andalus suna da gidan shaƙatawa a gefen fadar Alhamra. Kafin lambunsa ya zama abin kallo, sai da aka janyo ruwa daga kogin Daro ta magudana mai tsawon kilomita kusan shida, yana gangarowa da kansa babu inji. Sarki Jahangir na daular Mugal ya gina lambun Shalimar a Kashmir a 1619 domin ya riƙa guje wa zafin bazara, ya kuma kafa shi ne a kan rafin da ke saukowa daga tsaunuka zuwa tafkin Dal. Duka biyun suna nan har yau bayan masu su sun shuɗe da ɗaruruwan shekaru, saboda ruwa aka fara nema kafin fure. Mu kuwa mun ɗauko hoton lambun, mun baro kogin a can.

Ba sai mun je Andalus ba ma. Sarakunan Kano suna da gidajensu na wajen gari a Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa, har yau kuma da sunayen waɗannan wurare ake kiran wasu hawan Sallah. Sunan Ɗorayi kansa jam'in ɗorawa ne, kamar yadda Rimin Gado da Kurna da Durumin Iya ke gaya mana itatuwan da aka zauna a ƙarƙashinsu. Kakanninmu ba su ɗauki injiniyan tsara haraba ba, amma sun san inda ake dasa ceɗiya: ƙofar gida, inda dattawa za su shimfiɗa buzu. Lalle a bayan ɗakin mata, zogale a jikin danga, gwanda ko lemun tsami a inda ruwan wanka ke malala, kabewa da duma a kan rufin ɗaki. Kowace shuka da aikinta, ko inuwa, ko miya, ko magani, ko ƙamshi, ko shinge, kuma babu wadda aka ɗauki ma'aikaci dominta.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ƙara mana darasi a zamaninmu. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka lura cewa kututturan da ake ɗauka sun mutu, saiwoyinsu na nan da rai. In aka zaɓi tohon da ya fi ƙarfi aka rage sauran, aka kare shi daga awaki, sai ya zama bishiya cikin 'yan shekaru ba tare da an ba shi ruwa ba. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A Burkina Faso kuma, marigayi Yakubu Sawadogo ya raya tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, dabarar da ake ce wa tassa a Nijar, har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Idan talaka da fartanya ya iya mayar da fako daji, me zai hana mai gidan hutu ya raya rabin kadada a cikin katanga?

To, wanda ya riga ya gina, yana kuma so ya gyara, ta ina zai fara? Da kallo zai fara. Kafin a kira lebura, ya samu ya je gidan sau ɗaya a watan Agusta, ya tsaya a rumfa ana tsaka da ruwa, ya ga inda yake saukowa daga rufi, inda yake bi, da inda yake kwanciya. Ya sake zuwa a Afrilu da misalin ƙarfe uku na rana, ya ga bangon da rana ta fi duka. Ya tambayi dattawan unguwa wace irin ƙasa ce wannan, jigawa ce ko laka ko fako, kuma waɗanne itatuwa ne suka saba yi a wurin. Idan akwai tsohuwar bishiya ko kututturen da ke toho, a bar shi, a juya hanyar mota ta kewaye shi. Tsamiyar da ta shekara hamsin ba a samun ta a kasuwa.

Daga nan sai maganar ruwan rufi. Rufin da ya kai murabba'in mita 200, a shekarar da aka yi ruwa milimita 800, yana karɓar lita 160,000. A yawancin gidajen nan duk wannan arziki kwata yake tafiya. A sa indararo, a tara wani kaso a tanki ko a ramin siminti mai murfi saboda sauro da yara, sauran kuma a bi da shi zuwa cikin shuka. Duk inda mota ba ta takawa a ɗebe intalok, a sa tsakuwa ko a bar ƙasa ta sha iska. Nan take zafin harabar zai ragu, domin bulon da ya wuni a rana shi ke mayar da zafi cikin ɗakuna da dare.

A nan ne maganar siffar fangali ta shigo. Fangalin da aka ɗaga sama da bulo dabara ce ta ƙasashen da ruwa da sanyi suka yi wa yawa, inda ake so ƙasa ta tsane ta kuma yi ɗumi da wuri. A wurinmu rana tana dukan bulon ta kowane gefe, ta gasa saiwa, ruwan da aka zuba da safe ya ƙafe kafin azahar. Manoman rani na Kura da Kadawa da bakin Jakara ba haka suke yi ba. Fangalinsu ƙasa yake da hanya, an kewaye shi da 'yar kunya, ruwa ya shiga ya kwanta. Haka ya kamata na gida ya kasance: ya faɗa ƙasa da kamar taƙi ɗaya, faɗinsa kuma kada ya wuce yadda hannu zai kai tsakiyarsa daga kowane gefe. A gauraya ƙasar wurin da takin shanu da ya ruɓe sosai, a rufe saman da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, ganyen nan da aka sare itatuwa dominsa. Inda fili ke da gangare, a yi wa kowace bishiya kunya mai siffar rabin wata, bakinta na kallon tudu, a dasa jema a gefen da ruwa ke cin ƙasa. Sai dai a kula da abu biyu. A bar wa ruwan Agusta mafita, musamman a ƙasar laka, don kada saiwa ta ruɓe. Sannan a bar tazara tsakanin fangali da harsashin gini, saboda danshi da gara.

Shuke-shuken kuma a kasa su kashi uku gwargwadon ƙishirwarsu. Kashi mafi girma ya zama na waɗanda ba sa neman komai bayan sun kama: tsamiya, kanya, aduwa, kurna, magarya, marke, da gawo a wata kusurwa. Shinge a yi shi da lalle ko dashi ko aguwa. Wanda ke son launi ya nemi bugenbiliya, wadda fari ma ke ƙara mata fure, da kabar giwa, da ƙariya. Ƙariya 'yar gida ce. Tana fitar da fure mai ruwan hoda a tsakiyar rani, sa'ad da ko ganye ɗaya babu a jikinta, masu sha'awar furanni a Turai da Asiya kuma da kuɗi suke sayen ta. Ita da kabar giwa kaɗai za a ɗaga wa wuri a kan tsakuwa, domin ba sa son ruwa ya kwanta musu, kuma a nisanta ƙariya daga wurin wasan yara saboda ruwan jikinta dafi ne. Kashi na biyu shi ne na masu son ruwa sau ɗaya ko biyu a mako: lemun tsami, rumman, gwaba, zogale. Waɗannan a kai su bakin wurin alwala da inda ruwan ɗauraye kwanuka ke fita, muddin ba mai sabulu da yawa ba ne. Kashi na uku, mafi ƙanƙanta, shi ne na marmari: wardi, ko yasmin, ko ciyawar da ba ta wuce tabarma biyu ba, a inuwa, kusa da famfo. Ko ya mutu, asarar kaɗan ce.

Inda aka kafa bishiya ma abin dubawa ne. Ta inuwa ta tsaya yamma da gini da kuma gabas, tazarar mita biyar ko shida, ta tare ranar da ke gasa ɗakunan kwana. Arewa maso gabas, ta inda iskar hunturu ke shigowa da ƙura, a yi jeri mai kauri. Darbejiya ta dace da wannan aiki. Ita ma daga Indiya ta fito, a 1928 aka soma dasa ta a Barno, yau kuma ta zama 'yar gari, abin da ke nuna cewa baƙunta ba aibu ba ce matuƙar baƙon zai iya cin abin da 'yan gida ke ci. Ceɗiya da durumi da gamji saiwarsu bin ruwa take, don haka a nisanta su daga sokawe da harsashi. Bishiyar turare kuwa mashayiyar ruwa ce, wurinta bakin fadama. Ita kuma maskwaret, ko inuwar giginya ta fi tata, domin ta giginya ko ba komai na nesa yakan sha.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin shukar ta samu wata biyu ko uku na ruwan Allah kafin a bar ta. Dashen ana gobe Sallah don baƙi su gani, zubar da kuɗi ne. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da 'yan kai, a kewaye shi da ƙaya ko waya in akwai awaki. A rani biyu na farko a binne tulu marar shafe kusa da saiwa, a riƙa cika shi a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsatsa ta jikinsa sannu a hankali. Ban ruwa mai zurfi jefi-jefi ya fi yayyafin kullum, domin saiwa inda ruwa yake take bi, wadda kuma ta saba samun sa a sama ba ta nitsawa.

Duk wannan tsari kan mutum ɗaya zai tsaya, wato wanda aka bar wa gidan. Na sha zama da masu gadin irin waɗannan gidaje idan aiki ya kai ni karkara, kuma yawancinsu manoma ne da suka fi mai gidan sanin ƙasar nesa ba kusa ba. Babu wanda ya nemi shawararsu. An miƙa musu mesa, ana aiko musu da umarni ta waya, a kan shukar da ko ganyenta ba za su sa a miya ba. Mai gida ya ware wa mai kula fangali biyu ko uku ya shuka yakuwa da kuɓewa da alayyahu, ya yanka masa rabo a lemun tsami da rumman, ya bar matan maƙwabta su tsinki zogale da lalle. Lambun da ke ciyar da mai kula da shi ba ya mutuwa. Ruwan da aka rage daga bakin ciyawa kuma a fitar da shi ta famfo ɗaya a wajen katanga. Gidan da unguwa ke amfana da shi, unguwar ce ke gadinsa.

Na san wani zai ce, Malam, so kake ka mayar mana da gidan hutu gona. Ni kyau nake nema wa gidan, irin wanda zai kai baɗi. Mu tambayi kanmu dalilin kai yara ƙauye. Idan abin da za su tarar shi ne abin da suka baro a Maitama, me aka ƙara musu? Yaron da aka haifa a Abuja, wanda bai taɓa tsotsar aduwa ba, bai san bambancin tsamiya da ɗorawa ba, bai taɓa jin ƙamshin furen lalle da dare ba, a gidan kakanninsa ya kamata ya san su. Sannan mu tuna cewa abin da babba ya yi shi na ƙasa ke kwaikwaya. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar katangar itatuwa don tare hamada, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, jihohi goma sha ɗaya na Arewa suna ciki. Amma idan mafi ilimi da arziki a gari shi ne ke sare kanya ya shimfiɗa bulo, da wane baki za a ce wa manomi ya bar gawo a gonarsa?

Akwai aiki a kanmu mu ma malaman jami'a. Sassan koyar da zanen gine-gine da na gandun daji ya kamata su fito da tsare-tsaren haraba da suka dace da Sakkwato da Kano da Maiduguri, a rubuta su da Hausa yadda magini da mai gida za su karanta. Masu rainon shuka na bakin titi kuma ba sa ajiye dashen kanya ko marke ne don ba a tambaya. Ranar da masu kuɗi suka soma tambaya, za su raina. Addininmu ya sanya dashen itace cikin ayyukan da ladansu ke gudana ko mai su ba ya nan, kuma babu wanda wannan ya fi dacewa da shi kamar mai gidan da wata goma sha ɗaya ba ya nan. Duk mai irin wannan gida ya gwada zuwa a tsakiyar Afrilu ba tare da ya sanar ba. Abin da ya tarar kore a ranar shi ne lambunsa na gaskiya, daga kansa kuma ya kamata ya soma gyara.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.